Sandar da Baffa Ya Kai Maruwa

Asuba ta same mu a tsakar gida da kayanmu a ɗaure. Ana sallame salla muka fito a kan moto, babur ke nan, daga unguwarmu Yalwa zuwa ajans, inda ake shiga motocin Maruwa. Waɗanda suka san ni a zauren nan namu na iyayen masu sikila sun san ba ni da ƙafar yawo. Tun da aka kawo ni Garwa, iyakata kasuwa da gidan suna da lopital, wato asibiti. Ko Pitowa da ke nan kusa sau ɗaya na taɓa zuwa, na dawo na yi sati ina ba da labari. To yau ga ni da labarin Maruwa, tunda kun dame ni da tambayar me likitar ta ce. Sai dai ku yi haƙuri da ni, ba na iya kai magana ƙarshenta sai na bi ta hanya.

Saboda sababbin shiga, bari in faɗi dalilin tafiyar. Autata shekararta goma sha uku, kuma da sikila aka haife ta, drepano ɗin nan da ake rubuta mana a takardar lopital. Shekarun baya ta tashi wata safiya bakinta a karkace, kofi yana suɓucewa daga hannunta na dama. Allah ya taimaka abin ya saki, amma tun daga ranar likitoci suka ce sai an riƙa ƙara mata jini kowane wata, don kada ya dawo. Kun san yadda ake yi: ba a ba ka ledar jini sai ka kawo wanda zai mayar da wata. Jinina da na ubanta ba a so, don kowannenmu yana ɗauke da rabin ciwon. Maigida mahauci ne, sai Sarkin fawa ya tara mutanensa a mayanka aka riƙa yin karɓa-karɓa. A cikinsu akwai mutum biyu da in layi ya zo kansu ba a taɓa neman su sau biyu ba. Ɗaya yayan maigida ne, wanda yara ke kira Baffa, mai fasa ƙashi a mayanka tun yana saurayi. Ɗayan kuwa ba mahauci ba ne. Kirista ne daga duwatsun Mokolo, yana kasa albasa kusa da teburin maigida, kowa Mai albasa yake ce masa. Jininsa ya fi na kowa zama lafiya a jikin Auta. In nasa aka sa mata ba ta zazzaɓi, ba ta ƙaiƙayi.

Watan jiya muna zaune leda tana ɗiga, sai infirmiyar da ta saba da mu, wato nas, ta matso ta ce mini wata likitar jini, 'yar Maruwa da ke aiki a ƙasar Turawa, ta zo hutu gida, kuma za ta ga iyaye na 'yan kwanaki a wani ƙaramin lopital. Ta ce a can wajensu an samo wani sabon aiki da ake yi wa ɓargo, wanda aka yi wa yakan rabu da ƙarin jini. Iyakar abin da na ji ke nan, shi na kai gida: ɓargo ake gyarawa. Maigida ya ɗauki maganar ya kai mayanka. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce Baffa da Mai albasa za su raka mu. Na ce madalla, rakiya ai alheri ce. Ban kawo komai a raina ba.

A ajans muka tarar da su. Baffa ya sha farar rigarsa ta Juma'a, yana ƙamshin turare, a hammatarsa wani dogon abu naɗe cikin buhu an ɗaure da igiya. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ya ce saƙo ne. Mai albasa kuma ya zuba kwat ɗinsa ta zuwa coci, wadda hannuwanta suka yi masa gajarta. Abin da ya ba ni dariya shi ne matar Baffa. Matar da ko ɗanta zai tafi Yawunde daga bakin murhu take ce masa a sauka lafiya, sai ga ta a tasha da asuba, ta riƙe bakin rigar mijinta ta ƙi saki. Na ce mata, "Yaya, Maruwa fa za mu, ba Makka ba." Ba ta yi dariya ba, ta dai shafa kan Auta ta juya.

Na samo wa Auta kujera nesa da taga saboda iska, na lulluɓe ta da zane, na ajiye jarkar ruwa tsakanin ƙafafuna. Mai lodi ya ce jarkar ta ci wurin mutum ɗaya. Na ce masa ai mutum ɗaya take riƙe wa rai, ya bar ni. Ku da ke da irin yaranmu kun san tafiya da su: ruwa, ruwa, sai kuma roƙon direba ya tsaya.

Muna fita gari rana tana ɓullowa a bayan dutsen Tengelin. Kullum daga nesa nake hangen sa, ashe in ka matso samansa a miƙe yake kamar an sa wuƙa an datse. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fara ja, dawa ta sunkuyar da kai, auduga tana buɗe ido fari-fari. A Pitowa mata suka yanyame motar da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara, suna kiran ciniki da Fulatanci ta kowace taga. Ƙullin gyaɗar da ake ba mu a Garwa, a nan da kuɗinsa biyu za ka samu, har da gyara. Na saya fiye da cikinmu don kawai arhar ta yi mini daɗi. Daga nan kuma hanya ta fara nuna halinta. Wani wurin kwalta sumul kamar tafin hannu, wani wurin direba ya fi son gefen hanya a kan hanyar kanta. Duk ramin da muka faɗa, fuskar Auta nake dubawa kafin in dubi bayana.

Mazan suna kujerar bayanmu. Sun koma Fulatanci, sun rage murya, sun ɗauka ƙarar inji ta rufe su. Ni kuwa maigida ya sha faɗa cewa ko tururuwa ce ta yi tari a ɗaka sai na ji. Baffa na fara ji.

"Hagu zan ba su. Da dama nake dogara in na ɗaga gatari."

Mai albasa ya ce, "Kai tsoho, naka ai ya zama ruwa. Me ake samu a ƙashin tsohuwar saniya? Ka bar mini."

"Kai da ƙwaurinka kamar karan dawa? Ko cokali ba zai cika ba. A cinya abin yake, ni na sani."

"To cinya in an fasa ai ba ta ɗoruwa."

"Shi ya sa na biya wajen kafinta."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna. A nan na gane abin da ke cikin buhun, na gane turaren, na gane matar Baffa a tasha.

A Figil aka tsayar da mu, jandarmomi suna duba dantite, katin shaidar ɗan ƙasa. Garin fari fat da ƙurar siminti da farar ƙasa, har ganyen itatuwa kamar an barbaɗa musu gari. Na bar Auta tana shan kindirmo wajen wata Bafulatana, na ja maigida bayan wata rumfa.

Na ce, "Malam, ƙafar wa za a fasa?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce da ya kai maganar mayanka kowa ya sha jinin jikinsa, don duk wanda ke wurin ya san ba a samun ɓargo sai an fasa ƙashi. Kuma sun san lopital ba ya ba da komai sai ka kawo mai mayarwa. In jini ake so a kawo mai jini, to in ɓargo ne sai a kawo mai ɓargo. Sarkin fawa ya yanke cewa duk mai ƙananan yara ba zai je ba. Baffa ya miƙe ya ce nasa sun girma. Mai albasa yana da ƙanana, aka hana shi, ya je ya yanki tikitinsa da kansa, ya ce tunda jininsa ne ya fi karɓar yarinyar, wa ya sani ko ɓargonsa za a zaɓa.

Maigida ya ce, "Ni da nawa ba a so, me zan ce musu?"

'Yan uwa, kada ku ce don me ban gyara musu ba. Da me zan gyara? Ni ma a tukunya kaɗai na san ɓargo, kuma kullum a fashe yake zuwa mini. Na tsaya a bayan rumfar nan raina ya rabu biyu. Ina son yarinyata ta huta da allura, ta yi wata uku a jere ba ta ga ƙofar lopital ba. Kuma ga mutumin da ke ciyar da gidansa a tsaye, da gatari a hannu. Abin da na iya faɗi kawai shi ne, "Kada Auta ta ji."

Muka ci gaba. Bayan Figil ƙasa ta fara fitar da duwatsu, manya-manya a kan juna kamar wani ya jera su ya manta. Ƙauyuka da bukkoki masu tsinin kai, nan coci da rufin kwano, can masallacin laka, awaki suna shiga inuwar duk wanda suka ga dama. Muka wuce Muturwa, muka wuce mararrabar Magada inda ake rabuwa da masu zuwa Yaguwa. Daga nan sai ƙasa ta baje, baƙa wuluk, duk ta tsattsage. An ƙone ciyawarta ƙurmus, mutane a jere a cikinta. Wani yana soka wani ƙaton turke yana huda rami, wata tana biye da shi tana tsiyaya ruwa, na bayanta yana saka ɗan tsiro. Ban taɓa gani ba. Mai albasa ya leƙo ta kan kujera yana yi wa Auta bayani, ya ce muskuwari ke nan, dawar rani. A wani wuri dabam ake renon irin, sai ruwan sama ya ɗauke a share gona tas, sannan a tumɓuko shi a dasa. Auta ta ce, "To." Ba ta ƙara ba. Yarinyar da ko kaza ta gani a hanya sai ta tambayi ta wace ce. Na miƙa mata gyaɗa, ta girgiza kai. Na ɗauka gajiya ce.

Bayan azahar muka shiga Maruwa. Abin da ya fara burge ni darbejiya, hagu da dama, sun haɗa kai a sama, sai ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Abin da ya fara ba ni tsoro kuma moto. Na ɗauka na Garwa suna da yawa, ashe wasa muke yi. Muka haye gada, kogin da suke ce wa mayo a ƙasa rabi yashi rabi ruwa, mata sun shanya wanki a kan yashin kamar an buɗe kantin atamfa. Mun sauka a gidan wani abokin sana'ar maigida. Mahauci dai ba ya rasa masauki a garin da ake yanka. Matar gidan ta yi mana tuwon jar dawa da miyar yakuwa, folere suke ce mata, ta sa gyaɗa ta kashe tsamin. Hausarta kaɗan, Fulatancina na kasuwa, amma kafin la'asar na san sunayen jikokinta duka da wanda ya fi rashin ji.

Da yamma Baffa ya dage sai an je kasuwar fata. Ya ce ba a zuwa Maruwa a koma ba takalmi. Ya zaɓa wa Auta ja mai ɗinkin zare, ya durƙusa da kansa ya gwada mata. Sannan na ga ya ɗauki wani na maza, baƙi, ya juya shi, ya shinshina fatar kamar yadda suke yi, ya ajiye a hankali. Mai albasa ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Tambaye shi mana ko yana sayar da wari ɗaya." Baffa ya kai masa duka da hula, suka yi ta dariya su biyu. Ni na juya ina taya wata jaka da ba ni da niyyar saya.

Washegari da hantsi muka je lopital ɗin. Ƙarami ne, benci a ƙarƙashin itatuwa, iyaye cike. Na ga masu zane irin na mutanen duwatsu, na ga Larabawan Shuwa daga wajen Kuseri, na ga matan ma'aikata da jakunkunansu. Yare kala-kala, amma idon yaran iri ɗaya ne, ruwan ɗorawar nan da muka sani. Ba sai an tambayi kowa me ya kawo shi ba. Wata ta matsa mini, wata ta miƙo wa Auta dabino.

Da aka kira mu, mu biyar muka shiga, Baffa da buhunsa. Likitar gajeriya ce, da tabarau da atamfa irin ta kowa. Hausarta ta kasuwar Maruwa ce, in ta maƙale sai ta cike da Fulatanci. Ba mu gama gaisawa ba Auta ta yi magana. Yarinyar da a gaban likita sai na matsa mata kafin ta faɗi inda ke ciwo.

"Dokta, in sai an fasa ƙafar Baffa, ni ba na so. A bar ni da ledata."

Ashe kunnen nan nawa ta gada. Tun daga Pitowa take ɗauke da maganar ita kaɗai.

Likitar ta ce, "Ƙafar wa? Wa zai fasa?"

Maigida da Baffa suka dubi juna. Mai albasa ne ya yi bayani tiryan-tiryan, har da batun hagu da dama. Baffa ya ga magana ta fito, sai ya kwance igiya ya zare buhun. Sandar guragu ce sabuwa, ta farin katako, an naɗa tsumma a inda hammata ke zama. Ya ce, "Mun shirya, 'yata. Ki duba wanda ya fi kyau a cikinmu."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta daɗe tana kallon sandar. Ta fara dariya, sai ga hawaye, ta sa bakin mayafi ta goge ido. Sannan ta ce, "Baba, mayar da ƙafarka gida. Ba wanda zai taɓa ta."

To ga abin da ta ce, ku saurara da kyau, don na sa ta maimaita mini. Akwai tsohuwar hanya da ake ɗaukar ɓargon wani a sa wa mai ciwo, amma yawanci sai na ɗan uwa ciki ɗaya wanda nasu ya dace, kuma da allura ake zuƙowa a ƙugu, ba a fasa komai. Wannan sabuwar kuwa ba ta neman na kowa. A cikin ɓargon mutum akwai wasu ƙwayoyi, su ne irin da ke haifar da jini. Ana ba mai ciwon magani su fito cikin jijiya, inji ya tace su. A kai su wani ɗakin bincike, a shiga can cikin ƙwayar, inda gadon iyaye yake a rubuce, a taɓa wuri ɗaya. Sannan a ba yaron wani magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon, a mayar masa da nasa da aka gyara, ya kama ya fara haifar da jini mai kyau.

Mai albasa ya ce, "Ashe muskuwari ne."

Ta ce, "Shi ne. Har da ƙona gonar."

Sai ta juyo gare ni. "Mama, watanninta na farko a duniya, yaya take?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ƙatuwa ce, Dokta. Jajir, mai nauyi, in na goya ta sai na ƙara ɗaure zane. Ba ta kuka sai yunwa. Maƙwabta suna aron ta. Sai da ta kusa fara zama hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, daga nan ba mu sake hutawa ba.

Ta ce to wancan jinin na watannin farko, jinin ciki ne. Kowane jariri da shi yake zama a cikin uwarsa, kuma sikila ba ta lanƙwasa shi. Bayan haihuwa jiki yakan rufe shi a hankali ya buɗe na manya, a nan ciwon ke fitowa. Wurin da ake taɓawa a cikin ƙwayar, makullin da ya rufe jinin cikin ne. In aka karya shi, jiki ya koma yin irin wancan.

Ta ce, "Yana nan a jikinta, bai tafi ko'ina ba. Rufe shi aka yi."

Shekara goma sha uku ina kallon yarinyar nan ina cewa a raina daga cikina ta ɗauko wahala. Ban taɓa sanin cewa lafiyayyen jinin da ta taɓa yi a duniya a cikina ta yi shi ba. Na kama hannunta na riƙe.

Amma likitar ba ta bar mu da zaƙin kaɗai ba, ni ma ba zan bar ku da shi ba. Ta ce ƙona gonar nan ba wasa ba ne. Gashi yana zubewa, baki yana yin gyambo, sai an killace yaro a ɗaki na makonni don ko mura tana iya kayar da shi. Maganin yana iya taɓa haihuwa. Ta ce waɗanda aka yi wa da yawa sun rabu da leda da ciwon ƙashi, amma aikin sabo ne, ana nan ana bin su a ga yadda shekaru za su yi da su. Sannan ta faɗi wadda ta fi nauyi: ba a yin sa a ƙasarmu, sai a wasu manyan asibitoci na ƙasashe kaɗan, kuma kuɗinsa ba na mutum ɗaya ba ne, ba ma na unguwa ba. Ta ce akwai masu aiki a kan yadda zai yi sauƙi ya iso irin wurarenmu, amma ba za ta sa mana rana ba, don ba ta sani ba.

"Ban zo da shi a jakata ba, Mama. Da na ce miki na zo da shi, na cuce ki."

Auta ta ce, "Gashin yana dawowa?"

"Yana dawowa."

"To."

Ta duba Auta tun daga ido har tafin ƙafa, ta danna cikinta, ta sa ta matse mata yatsu da hannun daman. Ta ce yawan ƙarin jini yana tara ƙarfe a jiki, ya zauna a hanta da zuciya, don haka kada a ba yaro mai karɓar jini siron ƙarin jinin nan na kwalba da ake saye a kanti sai likita ya ce. Wannan ku riƙe shi. Ta rubuta wa likitocinmu na Garwa a auna ƙarfen, a ga ko Auta na bukatar maganin fitar da shi, a kuma ƙara tantance jinin masu ba ta. Daga ƙarshe ta dubi mazan nan biyu. Ta ce duk ranar da aikin ya iso, yaron da jikinsa ya riga ya lalace ba zai iya ɗaukar sa ba. Wanda aka tsare masa kai da zuciya da hanta shi zai shiga.

"Ku ne za ku kai ta bakin ƙofar. Ƙafa ba na so. Hannun nan dai da kuka saba miƙawa, kada ku gaji."

Da muka fito na ce zan zaga. Na je bayan ginin na tsaya jikin wata darbejiya na yi kukana. Ban san na mene ne ba, na ƙafar Baffa da ta tsira ko na ledar da za mu koma wa. Ina jin duka biyun ne. Na wanke fuska da ruwan jarka na dawo.

Kafin mu shiga motar komawa Baffa ya ɓace. Sai ga shi da baƙin takalmin nan a ƙafa, hagu da dama, yana taku ɗaiɗai don a gani. Amma a mota fushi ya yi ta yi. Wai sati guda yana cin hanta yana shan zoɓo don ɓargonsa ya yi kauri, ga shi ko dubawa ba a yi ba. Mai albasa ya ce, "Allah ya rufa maka asiri, tsoho. Da an buɗe an tarar da ruwa, da wane ido za ka shiga mayanka?" Auta ta yi dariya har ta ƙware, na yi ta bubbuga mata baya. Gyaɗar jiya da ta ƙi ci, ita ta cinye ta. Da muka zo gonakin muskuwari ta roƙi a buɗe mata taga kaɗan. Tsiron da aka dasa jiya duk sun kwanta kamar sun mutu. Mai albasa ya ce haka suke yi, a ba su kwanaki.

Ana kiran magariba muka shiga Garwa. Matar Baffa tana ajans, ban san tun yaushe ba. Da ya sauko ba ta dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ta duba, ta ƙirga su da ido, sannan ta ce, "Wannan takalmin nawa ka saya?" Suka tafi suna faɗa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Maganin gaskiya ne, ba labarin waya ba ne, sai dai bai iso ba, kuma duk wanda ya ce muku yana da shi a kwalba ku riƙe jakarku. Kafin ya iso, aikinmu shi ne wanda muka sani: ruwa, gidan sauro, ranar lopital kada ta wuce. In kun ji sabuwar magana kuma, ku tambaya har ƙarshe kafin ku kai gida, kada ku yi irin tawa. Sannan ku dubi masu miƙa wa yaranku hannu da kyau. Ni shekaru ina yi musu godiyar leda, ban san iyakar abin da za su iya bayarwa ba.

Shekaranjiya aka ƙara wa Auta jini, na Mai albasa. Da muka dawo Baffa ya biyo da sandar, wai zai mayar wa kafinta ya yi masa 'yar kujera. Auta ta ce a bar mata. Ta ce ai an ce wanda aka yi wa aikin yana daɗewa a kwance, to ranar da ta tashi da ita za ta fara takawa. Ta sa ta a hammata, sandar ta wuce kafaɗarta, don a tsawon Baffa aka yanka ta. Maigida ya ce bari a rage. Baffa ya riƙe hannunsa.

"Kada a rage. Ita za ta kamo ta." Ya dubi Auta. "Sai ki riƙa cinye tuwonki."

Tana nan a bayan ƙofar ɗakina. Yau da safe ina shara na hango yarinyar ta tsaya a jikinta, ta ɗora tafin hannu a kafaɗa, tana duba saura nawa.